Rana Ɗaya Aka Haifi Badamasi da Maikano

A Tudun Marke, wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, in ka bi ƙaramin kanal ɗin ban ruwan da ya ratsa ta bayan gari har inda ruwansa yake ƙarewa, gonar ƙarshe ta Badamasi ce. Za ka same shi a cikinta ko a bakinta: dogon tsoho, baƙi, mai wuyan zalɓe, fuska kullum a murtuke. Ya ba saba'in baya. Kada ka wahalar da kanka da doguwar gaisuwa, kalma biyu zai ba ka ya juya. In kuma ka ga mutanen gari sun wuce shi babu ko sannu, kada ka yi saurin ganin baƙinsu, suna da dalilinsu.

Labarin Badamasi ba ya bayuwa sai an sa Maikano a ciki, kuma tun yana yaro babu abin da ya fi wannan ƙona masa rai. Rana ɗaya aka haife su, wata Alhamis da hantsi, danga ce kawai tsakanin gidajen biyu. Ungozoma ɗaya ce a garin. Ta fara yanke cibiyar Maikano, ta bar uwar Badamasi a durƙushe tana jira, abin da matar nan ba ta yafe ba har ta koma ga Allah. Ran suna ma wanzami da gidan su Maikano ya fara, wai don ragonsu ya fi girma. Da wannan haushin aka shayar da Badamasi. Shi ma Maikano ba a raga masa ba a nasu gidan, don haka tun kafin su iya tsarki sun iya zagin juna.

Da farko ba wanda ya kula da wani abu. Yara biyu sa'annin juna, in ƙyanda ta kama su tare, ai ta kama rabin garin. Amma suna da shekara tara kunama ta harbe su rana ɗaya, Maikano a gindin rumbu, Badamasi a bakin rijiya, kuma duk a babban yatsan ƙafar hagu. Suna samari jaki ya kayar da Maikano a hanyar Madobi ya karye a hannu. Mai ɗori bai gama ɗaure shi ba sai ga Badamasi an ɗauko ranga-ranga, ya faɗo daga kan ɗorawa, hannun nan dai, wurin nan dai. Iyayensu maza a mako ɗaya suka rasu. Matansu rana ɗaya suka yi haihuwar fari. Da Allah ya hore musu babura, rana ɗaya aka sace su, na wannan a Kura, na wancan a Bunkure, suka dawo gida a ƙasa, suka haɗu a mararraba, kowa ya kau da kai.

Ungozomar nan a lokacin ta tsufa tukuf, ba ta ko gani. Da aka ba ta labarin baburan sai ta yi dariya ta ce, "Yo ai ƙofa ɗaya suka shigo, ƙofa ɗaya za su fita." Maganar tsohuwa ce a bakin murhu, amma kafin sati ta zaga gari, ta kuma samu wurin zama.

Limamin gari, Malam Abdulmumin, ya yi faɗa a kan maganar nan har ya gaji. Ya ce mutum biyu masu shekaru ɗaya, ruwa ɗaya suke sha, sana'a ɗaya suke yi, rana ɗaya ke dukansu, ina abin mamaki in masifa ɗaya ta same su? Ya ce kun ƙirga ranaku goma da suka yi daidai, wa ya ƙirga dubban da suka saɓa? Ajali kuma na Allah ne, kowa da nasa. Mutane su ce gaskiya ne Malam, su fito daga masallaci su ci gaba da ƙirgarsu. Badamasi a baki yana bayan liman, yana cewa Allah ya kiyashe shi a haɗa shi da wannan tsinanne ko a layin karɓar taki. A zuci kuwa babu wanda ya kai shi gaskata tsohuwar. Ya yarda ranar da Maikano ya mutu shi ma tasa ta ƙare, kuma yana jin haushin hakan kamar ya haɗiyi zuciya.

Da ruwan madatsar Tiga ya iso yankin aka baje gonaki aka sake yanka su, sai ga su maƙwabta a nan ma. Gonar Maikano ce ta biyu daga ƙarshe, ta Badamasi ce ta ƙarshe, wato ruwa ba ya zuwa wa Badamasi sai ya bi ta gaban maƙiyinsa. Ban ruwa a nan da tiyon roba ake yi. A nutsa shi a kanal ya cika, a toshe baki ɗaya da tafin hannu, a ɗora shi kan gaɓa a sake shi cikin gona. In ya kama, zai yi ta zuƙo ruwa shi kaɗai har sai an zo an cire shi. Kowa da ranar ruwansa, amma Maikano ba ya sanin ranar kowa sai tasa. In ruwa ya yi ƙaranci sai ya jefa buhun ƙasa a kanal ya tare, ya bar wa Badamasi laka da kwaɗi. An kai ƙara gaban mai unguwa ya fi a ƙirga, an yi kokawa cikin taɓo sau biyu, suna da gemu, suna da 'ya'ya.

Ranin da suka cika arba'in da bakwai ruwa ya ja baya sosai. Sau uku a jere Maikano yana tare ruwan Badamasi. Tumatirin Badamasi ya zubar da fure, ya yanƙwane, ya tsaya kamar tsintsiya. Na Maikano kuwa eka biyu ya yi 'ya'ya har rassa na taɓa ƙasa, ya nuna jawur, 'yan gwari masu sarin tumatir sun zo daga kasuwar Kwanar Gafan sun gani, an sa ranar Lahadi za a fara tsinka. Karo na farko ke nan da rabonsu ya bambanta a fili, mutane kuma ba su bar shi ya sha iska ba. A majalisa sai ka ji wani ya ce, "Badamasi, bana dai tagwaye sun rabu," a kwashe da dariya.

Ran Juma'a da safe ɗan farin Maikano, Suhaibu, saurayi ɗan ashirin da uku, ya yi wa gonar ruwan ƙarshe, ɗan yayyafi kawai, ya cire tiyo ya tara su a gindin dogonyaro, ya tafi Kura masallaci. Uban yana Madobi wurin biki, sai Asabar zai dawo. Badamasi yana cikin busasshiyar gonarsa yana kallo. Rana ta take, gonaki suka yi tsit, kowa ya tafi salla, wurin kuma ƙarshen kanal ne, ba mai bi. Ya tsallaka. Ya jefa buhun ƙasar Maikano a kanal, ya ɗauko tiyon nan goma sha biyu ya kafa su ɗaya bayan ɗaya, duk suka kama. Aikin bai kai minti goma ba. Ya wanke ƙafa ya nufi Kura, ya tarar an sallame, ya kutsa cikin masu fitowa yana ba mutane hannu don a shaida an gan shi.

Tumatirin da ya nuna ba ya son ruwa a gindinsa. Wannan ya kwana a cikin tafki, rana ta fito ta dafa shi. Kafin Maikano ya iso ran Asabar da hantsi kunyoyi sun narke, 'ya'yan sun farfashe, gonar ta fara wari.

Da hankali ya yi aiki, da Badamasi aka fara tuhuma. To amma an gan shi a masallaci, kuma wa zai zaci Musulmi ya bar Juma'a don ya je ya yi wannan aika-aika? Ga shi Suhaibu ya taɓa manta tiyo ɗaya a gonar alkama. Abin da ya fi rufa wa Badamasi asiri shi ne maganar tsohuwar nan. Mutane suka tafa hannu suka ce kun gani ko, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, na wannan ƙishirwa ta kashe, na wancan ruwa ya kashe, duk a rani ɗaya. Suka ƙara shi cikin lissafin abubuwan mamaki. Badamasi kaɗai ya san da hannunsa ya ƙera wannan, amma ko hakan bai rage masa imani da sauran ba.

Maikano ya kama Suhaibu a bakin gonar, gaban jama'a, ya zane shi da tiyon nan har ya fasa masa baki. Suhaibu yana cewa a kawo Alƙur'ani ya dafa, shi ya cire su. Uban ya ce ba ya son rantsuwar maƙaryaci. Ya ce ya fita masa daga gida, bai yafe masa ba duniya da lahira. Kwana biyu bayan haka Suhaibu ya hau bayan motar tumatir ya tafi Legas. Da ma Maikano ba ya kiran sunansa saboda kunyar ɗan fari, daga ranar kuwa ba wanda ya isa ya kira sunan a gabansa. Uwar yaron, Hafsatu, ta yi kuka har idonta ya fara lalacewa.

Gaskiya ɗaya ce, satin farko Badamasi daɗi ya ji. Ya ci tuwo ya yi lodi. Sai daga baya abin ya zo ya zauna masa a ƙirji. Ba jahili ba ne, ya san haƙƙin mutum Allah ba ya yafe shi sai mai shi ya yafe, kuma ya san haƙƙi biyu ya ɗauka, na uba da na ɗa. Dole ne kafin ya mutu ya durƙusa gaban Maikano ya faɗa. Amma a lissafinsa muddin Maikano na numfashi shi ma yana da lokaci, don haka kullum sai ya ce gobe. Ya yi shekara ashirin da ɗaya yana cewa gobe.

Sai ga shi wata safiya an ɗauko Maikano daga gona, ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace. Likita ya ce hawan jini ne. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta shafa wa naka ruwa, Badamasi kuwa a ganinsa gemun ma ɗaya ne. Mutumin da bai taɓa taka zauren Maikano ba sai ga shi kullum a can. Shi ne neman motar zuwa asibiti, shi ne sintirin karɓo magani, shi ne leƙa tsakar gida yana yi wa Hafsatu masifa ta rage gishiri a miya. Baƙo zai ce aminci ne. 'Yan gari sun san kansa yake jinya, Maikano ma ya sani, kuma ya samu abin wasa.

"Ka sha maganin?" Badamasi zai tambaya daga bakin ƙofa, babu ko sannu.

"Ina ruwanka?"

"Ruwana ya fi naka. Ɗauki ka sha."

Maikano ya yi dariya da rabin bakinsa. "Tsoro kake ji, dogo. In na ga dama sai in daina sha in ga yadda za ka yi."

"Kai dai ko mutuwa ba za ka yi ta mutunci ba."

"Da kai za a yi ta ai."

Haka suka yi wata huɗu. Wata Litinin bayan la'asar Badamasi ya shiga ya tarar da shi ya zabge, idanu sun faɗa. Ya gane babu sauran gobe mai yawa. Ya zauna a ƙasa kusa da katifar, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Maikano, akwai maganar da nake so mu yi."

"In gafara ka zo nema, riƙe abarka. Ni ban nemi taka ba. Mu je can a raba mana."

"Maganar tumatirin nan ce. Na shekarar da ruwa ya ci."

Fuskar Maikano ta canza. Jijiyar wuyansa ta tashi. "Kada ka kawo mini maganar yaron nan. Ya cuce ni, ya cuci gumina, ya tsaya gaban mutane yana mini ƙarya. Ko gawata ban yarda ya taɓa ba."

Maganar tana kan harshen Badamasi. Ya kalli jijiyar nan tana harbawa, ya ce a ransa in na faɗa masa yanzu jininsa zai hau ya fashe, ya mutu nan take, ni ma in bi shi ko gida ban kai ba. Wannan shi ne dalilin da ya ba kansa. Akwai wani a ƙarƙashinsa, wato ba zai iya jure ganin Maikano ya kalle shi daga sama ba, ko da daga kan katifar mutuwa ne. Ya haɗiye maganar ya miƙe. Ya kai bakin ƙofa ke nan Maikano ya kira shi.

"Dogo. Kada ka daɗe. Ka san ba na son jira."

Washegari da hantsi Maikano ya cika.

Badamasi ya bi gawa har makwanci yana jan ƙafa, kowa na satar kallonsa. Da ya dawo ya yi aski, ya yanke farce, ya aika aka sayo masa likkafani a Kura, ya kira matarsa Barira ya nuna mata inda ya ajiye. Ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah, lafiyarka ƙalau." Ya ce ta rufe masa baki, ita me ta sani. Abinci ya ƙi shiga. Ba mutuwar ce kaɗai ke razana shi ba, abin da zai tarar ne. Maikano ya riga ya kuɓuce masa, saura ɗan.

Suhaibu ya iso ran sadakar uku, ƙaton mutum mai furfura a gemu, ya zauna kan tabarma a ƙofar gidan da aka kore shi yana karɓar gaisuwa. Bayan an shafa addu'a Malam Abdulmumin ya ce, kamar yadda aka saba, duk wanda mamaci ya ɓata wa ya dubi Allah ya yafe masa. Ana ta cewa mun yafe, sai Badamasi ya miƙe tsaye. A ganinsa kwana ɗaya ko biyu suka rage masa, kunyar duniya kuma ba ta kai kwana biyu a kabari ba. Ya faɗi komai: buhun ƙasar, tiyon, hannun da ya bi yana ba mutane a ƙofar masallaci bayan bai yi sallar ba. Ya juya ga Suhaibu ya durƙusa, tsoho gaban sa'an 'yarsa ta fari, ya ce ya yafe masa don Allah don Annabi, tafiya ce a gabansa.

Suhaibu ya daɗe yana kallonsa.

"Baba, tiyo nawa ka sa?"

"Goma sha biyu."

"Haka ne. Sha biyu na tara a gindin dogonyaro. Shekara ashirin da ɗaya ina ƙirga su a raina, har na fara zargin kaina ko dai na manta ɗin." Muryarsa ba ta tashi ba, kuma hakan ya fi ihu ban tsoro. "Nawa haƙƙin ban yafe ba. Nasa kuwa, tunda an ce tafe kake, in ka tarar da shi ka gaya masa da bakinka. Ka ce masa na cire su."

Kafin Badamasi ya tashi labari ya shiga cikin gida. Hafsatu tana takaba ba ta fitowa, amma kowa ya ji muryarta ta bayan katanga tana ja masa Allah ya isa, tana cewa ya raba ta da ɗanta, ya sa mijinta ya shiga kabari da tsinuwar banza a bakinsa.

Badamasi ya koma gida ya kwanta ya fuskanci alƙibla. Aka yi bakwai yana nan. Ya ce wataƙila sai arba'in. Aka yi arba'in, aka raba gumba, yana nan, ko ciwon kai babu. Yunwa ta kore shi daga kan tabarma, ya fito ya tarar da garin da ya yi wa sallama yana jiransa. In ya nufi majalisa sai ta watse. A masallaci a bar masa gefen sahu. Duk wanda ruwa ya ɓalle wa a gona sai ya zo ya tsaya a ƙofarsa yana harara. Matan da ke turara shinkafa tare da Barira suka daina kiranta aiki, ita kuma ta sauke a kansa. Ta ce, "Ka tona mana asiri a bainar jama'a, sannan ka ƙi tafiyar. To da wanne za mu ji?"

Suhaibu bai koma Legas ba. Ya kwaso iyalinsa ya karɓi gonar ubansa, ya zama shi ne maƙwabcin Badamasi a kanal. Bai taɓa tare masa ruwa ba ko sau ɗaya. Ranar ruwan Badamasi zai cire tiyonsa a kan lokaci ya saki ruwan ya wuce, ba gaisuwa, ba kallo. Badamasi ya gwammace buhun ƙasar Maikano sau dubu, don da mai tare ruwa ana iya faɗa.

Shekarar farko ya yi ta aika dattawa su ba Suhaibu baki, suna dawowa hannu rabbana. Liman ya same shi ya ce, "To ka gani dai da idonka. Babu komai a cikin maganar nan, dacewa ce kawai. Ka gode wa Allah da ya ara maka lokacin tuba." Badamasi ya ce to, amma bai karɓa ba. Ta yaya zai karɓa? In babu komai a ciki, ke nan ya tuɓe tsirara a kasuwa saboda barkwancin makauniyar tsohuwa. Kunamar fa? Karayar fa? Ya zauna ya yi ta juya abin a gona shi kaɗai, har ya samo wa kansa amsa. Ƙofar tana nan a buɗe, Maikano ya wuce, shi kuma abu ɗaya ne ya riƙe shi, kamar akuyar da aka ɗaure a turke: haƙƙin Suhaibu. Ranar da Suhaibu ya ce na yafe, igiya ta tsinke.

Da farko amsar ta yi masa daɗi, don yana son a yafe masa. Amma rai abin zaƙi ne, ko da ran wanda ba a gaisarwa ne. Damina ta zo ya ga shinkafarsa ta yi kore shar. Rani ya zo ya ci ɗanyen tumatir da gishiri a bakin kanal. Aka haifa masa tattaɓa-kunne. Can kuma wa ke jiransa in ba Maikano ba, wanda yanzu ya san komai? A hankali ya daina aika dattawa. In ya hango Suhaibu ya sassauta fuska sai gabansa ya faɗi. Bai gaya wa kowa wannan lissafin ba, ya san abin da liman zai ce.

A shekara ta biyar Allah ya ba Suhaibu kujerar Makka. Al'adar garin, maniyyaci yakan bi gida gida ya yi sallama, ya nemi gafarar mutane, shi ma ya yafe wa waɗanda suka ɓata masa. Wata safiya da hantsi Badamasi yana zaure yana gyara ƙotar fartanya sai ya ji sallama. Suhaibu ne, da fararen kaya, liman na biye da shi yana dogara sanda. Suka zauna.

Suhaibu ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, jibi za mu shiga sansanin alhazai. Malam ya ce ba a zuwa ɗakin Allah da ƙulli a zuciya. Na daɗe ina kokawa da raina, wallahi ban zaci zan iya ba. Jiya na roƙi mahaifiyata, da ƙyar ta yarda in zo. To na zo ne in ce maka..."

"Wa ya aiko ka?" Badamasi ya katse shi.

Suhaibu ya ɗago.

"Na ce wa ya aiko ka? Na kira ka ne? Za ka zo mini gida da fararen kaya kana mini wa'azi, ɗan ɓarawon ruwa." Bai tsaya ba, don ya san in ya tsaya kalmar za ta fito. "Ubanka azzalumi ne, ya rayu azzalumi ya mutu azzalumi. Da za a dawo da ranar nan, tiyo ashirin zan sa. Kuma da gaskiyarsa da ya kore ka. Uban da ya ƙi karɓar rantsuwar ɗansa ai ya san abin da ya haifa."

"Badamasi," in ji liman, "ka yi salati."

Suhaibu ya miƙe a hankali. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja. Ya daɗe a tsaye, har Badamasi ya ji tsoron kada duk da haka ya faɗa. Can ya juya ga liman.

"Malam, ka shaida na zo. Na fasa. Mu haɗu gaban Allah, ni da shi da mahaifina."

Ya sa takalmansa ya fita. Malam Abdulmumin ya yunƙura da ƙyar, ya tsaya a bakin zaure ya ce, "Abin da ka durƙusa kana roƙo ne aka kawo maka har gida. Ka san abin da ka mayar kuwa?" Bai jira amsa ba ya bi bayan Suhaibu.

Badamasi ya sani, ya ma fi liman sani. Ya zauna a zauren nan har azahar yana kuka ba sauti, Barira na tsakar gida ta ji komai ba ta leƙo ba. Yana kukan abin da ya mayar, yana kukan mutumin da ya sake yanka a wurin tsohon tabo. Abin da ya fi ba shi kunya shi ne, a ƙarƙashin kukan yana jin sanyi a ransa cewa gobe ma zai wayi gari. Da aka kira salla ya share fuska da hannun riga, ya yi alwala, ya tafi masallaci ya tsaya a gefen sahu.